Idon Hagu na Baba Dila

Naushin ya sauka da gaske. Jarumin ya ji shi a yatsunsa kafin ya ji ƙararsa, ya ga Baba Dila ya tafi da baya ya zube cikin kwalayen da aka jera domin faɗuwarsa.

"Yanke!" in ji darakta. "Wallahi wannan ita ce! Kun ga yadda ya tafi?"

Ma'aikata suka tafa. Mai kwalliya ta matso da kwalbar jinin ƙarya, sai ta ja ta tsaya, domin jini ya riga ta zuwa.

A finafinan faɗa, Dila shi ne munafukin da ke raɓe a bayan kowane babban mugu. Shi ke kai tsegumi, shi ke sayar da aboki, shi ke durƙusawa yana rantsuwa da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben wuƙa. Sana'arsa ita ce a doke shi, amma hannu bai taɓa samunsa ba. Kafaɗar mai naushi yake karantawa, ya fizge kai daidai lokacin da dunƙulen zai gilma. Jarumai da yawa sun yi sunan ƙarfi da wuyan nan nasa.

Da safiyar ranar, a ɗakin canza kaya, ya riƙo hannun jarumin.

"Ɗana, yau ka zo min ta dama."

"Lafiya, Baba?"

"Idon hagun ne ya yi ritaya bai sanar da ni ba. Inuwa kawai nake gani da shi. Kada darakta ya ji. Ka san halinsa, gobe sai ka ga ya jawo wani ɓeran."

Jarumin ya ce babu komai. Da ya fito, ya tarar an kafa kyamara a gefen da ke ɗauko kuncinsa mai kyau. Ɗaya kuncin yana da tabon ƙuna tun na yarinta, wanda masu kallo ba su taɓa gani sosai ba. In zai zo wa Dila ta dama, dole kyamara ta koma gefen tabon. Ya dubi fitilun, ya dubi darakta, ya ce a ransa ai Baba tsohon hannu ne, ko da ido rufe zai ji zuwan naushi. Ya bar kyamarar inda take, ya zo masa ta hagu.

Bayan naushin, jarumin ne ya ɗauki Dila zuwa asibiti a motarsa. Suna shiga wurin jira aka gane su.

"La, ga jarumi!" in ji wata mata mai goyo. Ta leƙa tawul ɗin da Dila ya danne gira da shi. "Kai ka fasa masa? Allah ya ƙara!"

Dila ya lanƙwashe wuya, ya ƙanƙance ido, ya yi dariyar nan tasa ta hanci. "Ranki ya daɗe, sharrin shaiɗan ne."

Wurin ya ɓarke. Wani dattijo a keken marasa lafiya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Aka yi ta ɗaga waya. Jarumin ya cusa hannunsa mai zogi a aljihu ya tsaya hoto, kuma sai a hoto na uku ya lura cewa kuncinsa mai kyau yake juya musu.

Nas ɗin da ta zo ɗinki ita ma ta san fuskar.

"Baba, riƙe kanka. Mijina ya ce ranar da ya gan ka sai ya shaƙe ka."

"Ki gaishe shi. Ki ce ya bi layi."

Ta goge jinin, ta haska 'yar fitila a idon da ke ƙarƙashin raunin. Ta sake haskawa. Murmushinta ya ɗauke.

"Wannan idon tun yaushe?"

"Ki ɗinke abin da aka kawo miki, 'yata."

Wayar jarumin ta yi ƙara. Darakta ne, muryarsa har gadon tana isa.

"Ya jikin nasa? Ka faɗa min tsakani da Allah, tsufa ne? Mutumin nan bai taɓa makara ba. Gobe akwai faɗan kan bene. In ba zai iya ba, in nemi wani tun yau."

Dila yana kwance, allura tana shiga girarsa tana fita. Ya juyo da idon dama ya dubi jarumin. Mutumin da ya yi magiya a gaban kowane irin takalmi a fim, a nan bai roƙi komai ba.

"Ba shi ba ne," in ji jarumin. "Ni ne. Ya faɗa min inda zan tsaya, ban tsaya ba."

"To ka riƙa kula mana."

"Gobe a mayar da kyamara ɗaya gefen."

"Ɗaya gefen? Tabonka fa?"

"A ɗauka da shi."

Darakta ya ce, "Kai ka sani. Amma naushin yau ba zan taɓa shi ba. Shi ma zan sa a talla."

Nas ta manna auduga ta fita. Dila ya tashi zaune, ya miƙa hannu ya zaro na jarumin daga aljihu. Yatsun sun kumbura sun yi suntum. Ya juya su, ya girgiza kai.

"Ka ga abin da nake gudar maka. Ba ka iya naushi ba, ɗana. Shekara da shekaru ina rufa maka asiri."

Jarumin ya buɗe baki, Dila ya riga ya miƙe yana neman takalmi. A baranda wani ma'aikaci yana turo gadon ƙarfe da sauri. Jarumin ya zagaya ya koma gefen Dila na hagu, suka nufi ƙofa.