Kofin Farko a Gidan Honorine

Tun da aka hana taron siyasa, mutanen garin suka koma cin abinci tare, tunda doka ba ta hana cin naman rago ba. Ana cikin ci sai wani ya miƙe da kofin ruwan inabi ya amayar da abin da ke ransa: a ba kowa ƙuri'a, a tuna wa sarki cewa tsarin mulki na gaba da shi.

Wata Lahadi a kakar 1847, a gidan abincin Honorine aka jera teburan. Vauchel, shugaban 'yan sandan garin, ya zo tun da hantsi ya ja kujera bakin ƙofa.

"Madam, kin san al'ada," in ji shi. "Kofin farko na sarki ne. In aka tsallake shi, taro ke nan, ba walima ba. Kafin rana ta faɗi zan garƙame gidan nan."

Mai ɗaga kofin farko kuwa yayanta ne, Anselme, malamin makaranta. Har ya yi furfura bai taɓa jefa ƙuri'a ba, don harajin da yake biya bai kai na masu ƙuri'a ba. Ta tare shi a madafa.

"Yaya, magana ce kawai. Ka faɗa ka wuce."

"Su Firmin sun rantse in na ɗaga wa sarki kofi ba za su sha ba."

"Firmin na da gonarsa. Ni gidan nan kaɗai marigayi mijina ya bar mini."

Ya gyara wuyan rigarsa ya fita.

"Tashi, Malam," Firmin ya ce daga ƙarshen tebur, "kafin miyar nan ta huce kamar alkawarin minista."

Aka yi dariya. Anselme ya miƙe da kofin a hannunsa. Honorine na tsaye da faranti, yana ƙona mata yatsu, ta kasa ajiyewa. Ya dube ta sau ɗaya.

"Don lafiyar sarki."

Vauchel kaɗai ya taya shi sha. Firmin ya ture kofinsa gefe.

"Ashe fada ta samu sabon maroƙi."

Da Anselme ya fara jawabin da ya daɗe yana shiryawa, suka yi ta buga cokula a faranti har ya zauna. Vauchel ya ɗaga wa Honorine hula, ya fice, ya bar ƙofa a buɗe.

Bayan an watse ta bi tana kwashe kofuna, kusan duk a cike. Anselme na nan inda suka bar shi.

"Yaya..."

"Bar shi, Honorine. Je ki wanke kofunan. Gobe kina da baƙi."