Fasinjojin Mista Lin

Jiya bayan isha'i, ana ɗan yayyafi, na kwanta da damuwa, sai mafarki ya ɗauke ni. Damuwar kuwa katin Mista Lin ce, wani ɗan Caina mai sayar da leshi. Gaisuwa ya rubuta wa tsohuwarsa, ya kawo a buga masa a shagon kawuna, inda nake taya aiki. A kwamfuta haruffan a manne suke, yadda rubutunsu yake. Da an fitar a takarda, sai giɓi ya ɓullo a tsakaninsu. Ya ce ba zai aika ba, kada tsohuwa ta zaci in'ina ya koyo a Kano. Kawu ya ce in ban gyara da safe ba, in koma ƙauye.

To, sai ga ni a tasha. Ruwa na tashi daga ƙasa zuwa sama, kowa ya taka laimarsa. Haruffan nan su ne fasinja, kafaɗa da kafaɗa. Akuya ce 'yar kamasho, ni ne yaron mota.

Ta ce, "Tasi'u, a cike na ba ka motar nan, a cike nake so ta isa."

Muka kama hanya. Duk kwanar da muka sha, inda layi ke karyewa, sai wani Giɓi ya ɗafe mota ya zauna. Ba a ganinsa, sai dai ka ga an matsa masa.

Na ce, "Malam, don Allah sauka."

Ya ce, "Da wa kake?"

"Da kai."

"Ai babu kowa a nan, samari."

Gaskiyarsa ce. Na ba shi haƙuri.

Wani harafi mai ƙafa huɗu ya fashe da kuka, an raba shi da matarsa.

Sai na sauka, na kama bakin titin na ja kamar igiyar shanya. Ya miƙe samɓal, ko kwana ɗaya babu. Su Giɓi suka rasa wurin hawa, suka yi cirko-cirko abin tausayi. Na kwashe su a aljihu, in na dawo in raba wa masu shiga adaidaita.

Tsohuwar Mista Lin ta tarbe mu a ƙofar gida, ta karance motar daga gaba har baya da numfashi ɗaya. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ƙwal!

Na farka. Ashe bokitin maƙwabciya ne a bakin rijiya. Na ce wato karyewar layi ce ke kawo giɓin, yau sai na haɗe layukan katin nan kafin in buga. Sagiru, ɗan kawu, yana takure a jikin bango. Na matsa masa. Ya miƙe ƙafa, ya ɗora min a wuya, ya ci gaba da minshari.