Zagaye na Shida

"Mai shuri? A zagaye na huɗu?" Dikon Hargrove, dattijon coci, ya zabura daga kujerar aski, rabin kansa a aske, ƙyalle na reto a wuyansa. "Shekara guda muna kukan ba mu da mai tare gida, kowa ya ɗauko ƙwallo sai ya ratsa mu kamar ƙofar kasuwa, su kuma sun je sun kwaso mana yaron da bai iya komai ba sai shuri!"

"Zauna, Dikon, kar in tafi da kunnenka," in ji Lamont mai shagon, almakashi a hannunsa, idonsa a kan talabijin.

"Bar shi ya yi wa'azi," in ji Boone direban bas, bakinsa cike da nama. "Bara ma shi ya rantse mana da yaron Texas ɗin nan. Ina yake yanzu? Yana sayar da inshora!"

Dariya ta cika shagon. Lenora, matar Lamont, ta ajiye tiren haƙarƙarin da ta gasa, ta gyara kwanon makaroni. Yau ce rana ta ƙarshe ta zaɓen, ranar da manyan ƙungiyoyin ƙwallon Amurka, mai karo da hular kwano, ke bi da bi suna tsintar samarin da suka rage daga jami'o'i. Duk shekara a nan mazan Harlan Mills ke taruwa su zagi shugabannin Maƙera, ƙungiyar da suka gada daga iyayensu. Amma bana har bakin titi mutane suka tsaya, domin akwai sunan ɗan gida a cikin jerin: Keon Pettway, ɗan Lenora da Lamont, mai taren tsakiya, wanda aikinsa shi ne ya tari duk ƙaton da ya sheƙo da ƙwallo ya yi karo da shi.

Talabijin ya nuno wani saurayi zaune cikin danginsa, sanye da kwat tun shekaranjiya, ba wanda ya kira shi.

"Wancan ai kwano ne mai tsaga," in ji Boone. "An ce sau biyu yana buguwa a ka. Wa zai sayi wannan?"

"Ko kyauta," in ji Dikon. "Namu fa? Shekara huɗu bai taɓa fashin wasa ba. Kan Keon ai maƙera ce, guduma ke gajiya."

Lenora ta ɗauki tiren da babu komai a ciki ta fice ta ƙofar baya.

* * *

Kowane uba a Harlan Mills ya san dabarar. Kafin a fara kakar wasa, likitoci kan zaunar da yaro gaban kwamfuta su gwada saurin tunaninsa da riƙon kalmomi, su ajiye sakamakon. Ranar da ya bugu a ka, sai a sake gwada shi. In ya kasa kamo makinsa na farko, babu shi babu fili sai ya warke. To, sai ka ƙi yin ƙoƙari a gwajin farko. Ka yi nawa, ka manta kalma biyu da gangan. Duk ranar da kanka ya girgiza, za ka kamo wancan makin ko da kana ganin mutum ɗaya ya zama biyu.

A kan teburin cin abinci Lamont ya koya wa Keon, yaron yana shekara goma sha huɗu. "Yi kamar dolon ɗan Boone," ya ce, suka fashe da dariya. Lenora ma ta yi dariyar. Tana yanka burodi a lokacin.

A watan Nuwamba, a wasansa na kusa da ƙarshe a jami'a, hular kwanonsa ta haɗu da ta wani. Daga saman benci ta ji ƙarar. Ya kwanta, hannunsa ɗaya a sandare sama kamar mai kiran tasi. Sannan ya tashi, filin ya ɗauki tafi. Aka gwada shi, ya ci. Mako na gaba ya buga.

Tun da ya dawo gida labulen ɗakinsa bai buɗu ba. Ta tsinci makullin motarsa a cikin firji. Ranar Ista ya shiga coci da baƙin tabarau, 'yan mata suka ce yanga ce ta manyan gobe.

Lamont ya biyo ta wajen murhun gashin nama, yana goge hannu.

"Mutane na tambayar yaron. Ina ya shiga?"

"Yana sito. Ya sake yin amai da safe."

"Fargaba ce. Ni ma ranar aurenmu na yi."

"Tun Nuwamba yake auren?"

Ya waiga ƙofa. "Rage murya, Lenora."

"Ka dubi yayanka, Lamont. Ka dube shi da kyau."

Ta tagar baya ana hango yayan nasa Purvis a kujerarsa ta kullum, ƙarƙashin hotonsa na zamanin da ya buga wa manya shekara biyu. Yana riƙe da faranti, cokalin na kaɗawa a hannunsa, yana murmushi ga duk wanda ya gifta don bai san wanda ya kamata ya gane ba.

"Purvis giya ce ta cinye shi," in ji Lamont. "Kuma hulunan da ba irin na yanzu ba ne. Ki saurare ni. Yau ɗaya. Bari su kira, ya sa hannu. Can suna da likitocin da ko gwamna bai da su."

"Likitocin da za su auna shi da mudun da ka lotsa?"

"To me kike so? Ya dawo nan ya riƙe tsintsiya? Masana'antar garin nan ta rufe, Lenora. Tun yana shekara shida yake gudu saboda wannan yinin. Ki je ki gaya masa da bakinki cewa a banza ya yi."

Daga ciki aka kwashe da ihu. Boone ya leƙo. "Lamont! Sun ɗauki mai kama ƙwallo a na biyar! Na shida namu ne, na rantse da kabarin uwata!"

* * *

Siton babu taga. Sai da idonta ya saba da duhun ta gan shi zaune a kan katan ɗin man gashi, ƙato guda, ya dafe kai da hannu biyu.

"Keon."

"Na'am, Mama. Yanzu zan fito."

"Kan yana sarawa?"

"Kaɗan. Hayaniyar ce." Ya miƙo mata wayarsa. "Riƙe mini. Abokai sai turo saƙo suke, hasken na shiga mini ido kamar allura."

Ta karɓa. Ta tsuguna, ta ɗora tafinta a ƙeyarsa. Gumi ne mai sanyi.

"In ka ce a bari, a bari. Ni zan fita in faɗa musu. Ubanka zai yi fushi ya huce."



"Dikon ya buga riguna da sunana, Mama. Yaran makaranta sun yi allo mai sunana." Ya yi 'yar dariya. "Kuma in ban da wannan, me na iya? Zai wuce. Kowa na jin haka, ba mai faɗa ne kawai."

"Wa ya ce maka kowa?"

"Mama, don Allah. Maganar ma zafi take."

Ta fito ta ja masa ƙofar.

A cikin shagon an daina ci. Ƙungiya biyu suka rage kafin layi ya zo kan Maƙera. Dikon na lissafa wa mutane waɗanda suka rage da yatsu, Boone na ƙaryata shi.

"Akwai yaron Utah."

"Yaron Utah gudunsa kamar na kakata!"

"Ya fi namu tsawo."

"Tsawo za mu ci? Mu mai karo muke nema, wanda in ya daki mutum sai uwarsa ta ji a gida!"

Wayar ta yi ruri a aljihun rigarta. Ta ciro. Baƙuwar lamba ce, daga birni. Boone ne ya fara gani, ya ɗaga hannu, shagon ya yi tsit, har wani ya kashe muryar talabijin. Lamont ya matso, ya kai yatsa ya danna yadda kowa zai ji.

"Keon Pettway?" Muryar namiji ce, cikin sauri, ana ta magana a bayansa.

"Mahaifiyarsa ce. Yana zuwa."

"Madalla. Madam, daga ofishin Maƙera nake, lokaci na ƙure mana. Sunansa na hannunmu, shi da wani. Tambayar da muke yi wa kowa ce: lafiyarsa ƙalau? Babu abin da ya faru da ya kamata mu sani?"

Ta ɗaga kai. Maza sun fi talatin, wasu da rigar da aka buga wa sunan ɗanta. Dikon ya haɗa hannu yana motsa leɓe. Lamont kallonta kawai yake, kuma ba fushi ta gani a idonsa ba, roƙo ne. Kalmomin suna nan a kan harshenta, gajeru: kansa ba daidai yake ba. Ta ji ƙofar sito ta buɗe a bayanta, ta ji takunsa mai nauyi ya tsaya.

"Madam?"

"Lafiyarsa ƙalau," ta ce.

"Haka muke son ji. Ba shi wayar."

Ba ta ji abin da aka faɗa masa ba. Ta dai ga yana cewa "Na gode, Koci," sannan sunansa ya fito a ƙasan talabijin, shagon ya tashi kamar rufin zai yaye. Motoci suka kama oda a titi. Lamont ya rungume ɗansa yana kuka a kafaɗarsa.

Sai mazan suka yi layi, kamar yadda ake yi wa ɗan wasa in ya yi bajinta a fili. Kowa ya iso sai ya ɗaga tafi ya ɗaɗa masa a ka. Boone ya ɗaɗa. Dikon ya ɗaɗa har sau biyu, yana sa masa albarka. Keon na tsaye a tsakiyarsu, haƙoransa a waje, kuma duk hannun da ya sauka sai idanunsa su runtse, su daɗe kafin su buɗe.

Lenora ta leƙa bayan Dikon. Layin ya kai har waje.