Kukan Burtu a Kunnen Dama

Shekarar da sanƙarau ya ratsa Magariya, ɗiyata ta fari ta kwanta, Allah ya tashe ta, amma ba ta tashi da bakinta ba. Da can surutu gare ta, har sai an ce ta bar mutane su huta. Bayan ciwon sai ido kawai. A kira ta, ba ta waiwayo. Shekararta huɗu a lokacin.

Mu ba ma faɗin sunan ɗan fari, ba ma jan shi a jiki gaban mutane. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Don haka duk abin da ke cina, a ciki ya tsaya. Nakan dama mata kunu da kauri, in ajiye kusa da ita, in kau da kai kamar ban damu ba.

Wata safiya ta sulale ƙofar gida. Kamiyon gyaɗa, babbar motar kaya, ya taho, direba na ta ihu, mutane na ihu, ita kuwa tana tsakiyar hanya tana kallon tururuwa. Mai shayin bakin titi ne ya fizge ta.

Labari ya kai Sassumbrum, sai ga Inna, uwar maigidana. Ta duba yarinyar, ta tafa hannu a bayanta, ta girgiza kai.

"Hudu, ɗiyar nan ta kurmance," ta ce wa maigidana. "Gari mai mota ba wurin kurma ba ne. In na tashi komawa da Saude zan tafi. Can ba abin da ke gudu sai jaki, shi ma sai ya ga dama."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Ɗiyar fari dama ta kaka ce, kuma Inna ba don mugunta ta faɗa ba. Ni kuwa ba ni da bakin magana a kan wannan yarinya. Sai dai akwai abin da na gani wanda su ba su gani ba.

Katanga ɗaya ta raba mu da Madam Odil, wata Bafaranshiya mai koyar da lissafi a kolej. Unguwa duka Uwar Tsuntsaye ake ce mata. In ta taso daga makaranta, sai ta rataya manyeto, akwatin nan mai ɗaukar murya, ta hau keke ta nufi tabki. Ta sayi babban kwanon sha a kasuwa, ta huda gindinsa, ta soka abin magana a ciki, wai haka ya fi tattaro kuka daga nesa. Mata masu ɗibar ruwa sun sha ganinta kwance rub da ciki ƙarƙashin gawo, ta auna kwano sama, kamar mai roƙon itace ya sammata fura. Tana tara fuka-fukai a gwangwanin madara. Ta taɓa barin tukunya ta ƙone saboda wata cilakowa ta sauka kan rufinta. Da la'asar kuma takan zauna ta kunna abin da ta ɗauko, mu sha kukan gauraka da fakara a tsakiyar gari.

Abin da na lura shi ne, in kanari ne ko kurciya, yarinyar ba ta motsi. Amma akwai wani kuka mai kauri, kamar ana buga turmi a cikin rami. Duk ranar da aka sa shi, sai ta bar wasanta ta je ta jingina da katangar, kullum da ɓangaren dama.

Na yafa zane na leƙa gidan Madam. Na same ta ta baje manyeton a tabarma, tana goge cikinsa da auduga a tsinke.

"Huraira! Shigo, amma kada ki taka, akwai ƙananan ƙusa."

Na faɗa mata abin da ke tafe da ni. Ta ajiye tsinken.

"Burtu ne wannan," ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle. "Na bi shi har Dogo-Dogo, ƙaya ta cinye mini taya. Ni ba likita ba ce, ki sani. Amma mu gwada."

Washegari da hantsi ta shigo gidanmu da kayanta. Inna na zaune tana tsinkar zogale, Fanta matar wan maigidana na daka, maigidana na tsaye bakin zaure.

"To, yau kuma tsuntsaye aka kawo mana baƙunta?" in ji Fanta. "Madam, in akwai zabuwa a cikin akwatin nan, fito da ita, miyarmu lami ce."

"Zabuwar ciki murya ce kawai, ba nama," in ji Madam.

"Irin mijina ke nan," Fanta ta ce, har Inna sai da ta murmusa.

Madam ta durƙusa, ta sa wa yarinyar wasu faifai biyu masu taushi a kunnuwa, igiya ta haɗa su da akwatin. Ta kunna kanari. Shiru. Ta kunna kurciya. Yarinyar na wasa da igiyar. Ta kunna burtu, ta murɗa ƙarfin. Sai yarinyar ta ɗaga kai ta dubi katanga.

"Kun gani!" in ji Madam.

"Girgizar abin ce ta ji a ƙashi," Inna ta ce. "Ko kurma ya san an buga ganga. Ni tsuntsu ba zai hana mota take ta ba. Mutum nake so ta ji."

Madam ta ce gaskiya ne. Ta zare abin maganar daga kwanon ta miƙo mini.

"Muryar da ta fi sani ita ce taki. Kira sunanta."

Taɓarya ta tsaya a hannun Fanta. Na kai abin bakina na ce, "Ke."

"A'a, sunanta. Ke ai kowa ke ne."

Na sauke abin daga bakina. Madam ta ɗauka tsoron na'urar nake.

"Ba ya cizo, Huraira. Ba ya kuma sace murya, duk ƙarya ce."

Fanta ta tuntsire da dariya. "Madam, kin san sunan kowane tsuntsu a ƙasar nan, amma ba ki san ɗiyar fari ba? Gaban uwar miji? Gara ki ce ta hau kan rumbu ta yi rawa!"

Fuskar Madam ta yi ja wur. Ta shiga ba Inna haƙuri, ta ce a ba Fanta ta kira. Fanta ta karɓa ta rangaɗa, "Saude! Saude 'yar gidan kaka!" Yarinyar ta ɗan yamutsa fuska, ta sosa kunne, ta koma kan igiyarta. Inna ta ci gaba da tsinkar zogale. Na san ma'anar wannan.

Sai na dubi igiyar abin maganar. Doguwa ce, don da ita Madam ke laɓewa nesa da sheƙar tsuntsu.

"Za ta kai ɗakina?" na tambaya.

Ta kai. Na shiga, na saki asabari, na tsuguna bayan gado inda ba idon kowa. Tun ranar suna ban taɓa furta sunan nata ba, ko ni kaɗai. Na kama abin da hannu biyu, na faɗa, da muryar ƙasa-ƙasa irin ta burtun. Na sake faɗa. Na ce, "Zo nan wurina."

Can sai na ji ƙarar wani abu ya faɗi a tsakar gida, Madam na cewa a bar shi, a bar shi. Asabari ya ɗaga. Ga ta tsaye, ta yar da faifan kunnen, tana leƙa bayan ƙofa, tana leƙa ƙarƙashin gado. Da ta gan ni sai ta taho ta dafa bakina da yatsunta, ta juyo mini kunnen dama.

Na manna bakina a kunnen na sake faɗa, ba na'ura. Ta yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro, irin wadda rabon da in ji tun kafin ciwon.

A waje Madam na gaya wa maigidana cewa akwai likitan kunne da kan zo Damagaram, za ta tambayi ranar, kuma kafin nan kowa ya riƙa yi wa yarinyar magana ta dama, kusa, da murya mai kauri. Fanta ta ce ashe mijinta zai yi amfani.

Muka fito, na saki hannunta tun daga bakin ƙofa. Inna ba ta dube ni ba. Ta kakkaɓe zanenta, ta tura wa Fanta faifan zogalen.

"Hudu, a sa wa zauren nan ƙyaure mai sakata, yau ba gobe ba. In na dawo lokacin kaka na tarar tana fita titi ita kaɗai, ba zan sake yin shawara da kowa ba."

Sannan ta jawo yarinyar, ta juya ta, ta kai baki kunnenta na dama.

"Saude! Kin ji ni, ja'ira?"

Yarinyar ta ture ta, ta toshe kunnen da tafin hannu.