Yoyon Ɗaki Na Tara

Shekara goma sha ɗaya Dakta tana rubuta takardar ƙorafi cewa na'urar sanyaya ɗakin bincikenta tana yoyo. Ba wanda ya leƙo. Tun tana bin ofisoshi har ta gaji, ta sayi jan bokiti ta kafa a ƙarƙashinta, ta ce Allah ya isa.

To, a bokitin nan rabonta yake. Wata rana don rashin abin yi ta ɗebi ɗigo guda ta sa a madubin ƙara girma, sai ga wani ɗan tahaliki mai ƙwayar halitta ɗaya tak yana ta wulwulawa. Autarta ce ta raɗa masa suna Ɗan Juyi. Dama aikin Dakta shi ne nazarin siraran bututan da ke riƙe da ƙwayar halitta daga ciki, kamar ƙarafan laima. Na kowa a miƙe suke. Na Ɗan Juyi kuwa a murɗe, abin da babu masanin da ya taɓa gani.

Kafin ka ce kwabo ɗakunan bincike arba'in da biyu a duniya sun ƙulla aiki da ita. Manyan farfesoshin da a da ko amsa wasiƙarta ba sa yi suka koma tambayar lafiyar yara. Sai dai Ɗan Juyi ɗan gata ne, ba ya rayuwa sai a ruwan yoyon nan. An gwada ruwan sama, an gwada tatacce, wani ya haɗa masa sinadarai goma sha tara, kwana uku ya ce ga garinku nan. Don haka duk ƙarshen wata Dakta ke ɗura kwalabe ta aika.

Ranar wata Talata da hantsi aka yi sallama. Wani dattijo ne riƙe da tsani da akwatin ƙarafa, da wata takarda da ta yi ja don tsufa. Rubutun hannunta ne.

"Ranki ya daɗe, layi ya zo kanki. Minti goma na gama."

Ta yi wuf ta miƙe. Ta tsaya tsakaninsa da bokitin ta ware hannuwa.

"Baba, don girman Allah kar ka taɓa."

"Ba ke kika rubuta ba? Ga shi nan, har kin ja layi biyu a ƙarƙashin 'cikin gaggawa'."

"Yarinta ce, Baba."

Ta zaunar da shi ta nuna masa madubin. Ya kanne ido ya daɗe yana kallo.

"Wannan ɗan abin ne ya fi ƙarfin aikina?"

"Idan yoyon ya tsaya, ya mutu. Aikina na shekara da shekaru ya bi shi, da na mutum arba'in da biyu."

Mai gyara dai ya hau tsanin, wai ya duba kawai. Ya sauko fuska ba walwala.

"'Yata, ko ban taɓa ba, tsatsa ta kusa toshe ramin. Wata biyu ya rage miki."

Dakta ta zauna a ƙasa daɓas. Tsoro ne ya kama ta sosai, har ta kasa kuka.

Dattijon ya sosa ƙeya. Ya ce akwai wani noti, in ana sassauta shi kaɗan kullum da safe, ruwa ba zai yanke ba. Amma fa shi a rayuwarsa bai taɓa ɓata abu da gangan ba, kuma mahaifinsa da ya koya masa sana'a ba zai yafe ba. Duk da haka ya ɗauko sifana.

Bayan wata takwas babbar mujalla ta buga sakamakon. Dakta ta kai masa yana kan tsani, ta nuna masa jerin marubuta. Ga sunansa nan, na arba'in da huɗu. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa.

"Shekara talatin da biyar ina gyara a ginin nan," ya ce, "ba wanda ya taɓa tambayar sunana. Sai da na fara ɓarna."