Mil Goma Sha Uku

Shekara tara Nata'ala ya yi a unguwar Chow Kit ta ƙasar Malesiya yana loda wa mutane kaya a kwantena zuwa Legas, har ya ɗauka ya san teku. Ashe takardun kaya kawai ya sani. Ranar da aka kira shi aka ce ƙanensa Fa'iz, wanda ke aikin kuku a wani jirgin dakon kaya, ya faɗa ruwa ba a gan shi ba, sai ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Shi ya samo wa Fa'iz aikin, wannan kaɗai ya isa ya ci masa rai. Amma abin da ya fi hana shi sakat yana can Kano, a Gwammaja, wato Mu'minat matar Fa'iz. Kwana goma sha ɗaya ke nan tana ɗaki, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma iya fita. Mata na zuwa, wasu su yi ta'aziyya, wasu su ce Allah ya bayyana shi, kowacce ta fita tana jin ta yi katoɓara. Malamin unguwa ya ce in an tabbatar da rasuwa, wata huɗu da kwana goma ne. In kuwa ba a tabbatar ba, mijinta ɓatacce ne, jiran na iya kaiwa shekara huɗu. Dangi suka ce ai abin da sauƙi, tunda Nata'ala yana can, ya je hukuma ya karɓo takarda.

Shi kuwa ya yi abin da ya tashi ya ga ana yi, ya nemi shaida. Da jirgin ya tsaya a tashar jiragen ruwa ta Port Klang, ya samo Ɗayyabu, wani Bazazzagi da ke aiki tare da Fa'iz, wanda abin ya faru a kan idonsa. An ba Ɗayyabu izinin sauka zuwa la'asar kawai. Nata'ala ya ara masa kaftani da hula, don a ganinsa ba a ba da shaida gaban hukuma da kayan aiki masu warin gas. Bai tsaya nan ba, ya biya titin Jalan Semarak ya ɗauko Abdulrahman, wani ɗalibin digiri na uku da ke musu limancin Juma'a wani lokaci, domin ya tabbatar wa hukuma cewa Ɗayyabu mutumin kirki ne mai sallah, ba maƙaryaci ba. Haka suka shiga ofishin masu binciken haɗarin jiragen ruwa su uku, sai ka ce masu neman aure.

Wata jami'a mai gilashi ce ta karɓe su, mace mai haƙuri ƙwarai. Ta saurari bayanin Abdulrahman a kan halin Ɗayyabu har ƙarshe, ta gyaɗa kai, amma ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba. Tambaya ɗaya ta yi: a ina jirgin yake lokacin da abin ya faru? Ɗayyabu ya miƙa mata lambobin da ya kwafo a bayan kwalin sabulu. Ta buɗe taswira a kwamfuta, ta juyo musu da ita, ta nuna wani layi. Ta ce daga gaɓa zuwa mil goma sha biyu ruwan Malesiya ne, duk abin da ya faru a ciki suna da ikon hawa jirgi, su tambayi ma'aikata, su karɓi littafin kyaftin. Fa'iz ya faɗa ne a mil goma sha uku.

Nata'ala ya dubi allon, shuɗi ne a wannan gefen, shuɗi a wancan. Ya tambaya ko ruwan na wata ƙasa ne. Ta ce ba haka ba ne, a can ikon bincike yana hannun ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta. Ya ce ai masu jirgin suna Singafo. Ta ce masu jirgi daban, tuta daban, ta ambaci wata 'yar ƙasar tsibiri da bai taɓa jin sunanta ba. Ya ce to ga jirgin nan a tasharsu yanzu haka. Ta ce za su iya duba lafiyar jirgin, amma ba mutuwar ba. Ta ƙara da cewa Najeriya ma na iya neman a sa ta cikin binciken, tunda ɗan ƙasarta ne. Kansa ya ɗaure tamau. Ƙasa huɗu aka lissafa masa, ya kasa gane wacce ce za ta kira Gwammaja.

Ransa ya ɓaci, ya nuna Ɗayyabu. “Madam, ga mutumin da ya gani da idonsa. Ki ji ta bakinsa mana.”

“Tak boleh,” ta ce a hankali da yarensu, wato ba zai yiwu ba. Abdulrahman ya fassara sauran: in ta ɗauki shaidar ma ba ta da inda za ta kai ta. Kuma ko masu tutar sun gama bincike, wanda zai iya ɗaukar shekara, rahotonsu zai bayyana yadda haɗarin ya faru ne don kada a sake. Ba aikinsa ba ne ya ce wane ya mutu. Wannan sai kotu, kuma kotun wace ƙasa, ita ma ba za ta iya rantsewa ba.

Suka fito suka zauna a wani shagon mamak, irin wuraren shan shayin garin, aka kawo shayi babu wanda ya taɓa. Saura awa biyu Ɗayyabu ya koma jirgi, kuma jirgin zai tashi da shaidarsa. Nata'ala ya ji tausayin kansa, ya ji kunyar kaftanin nan da hular. Sai ga kiran Mu'minat. Ya daɗe yana kallon wayar, daga ƙarshe ya danna ya ajiye ta gaban Ɗayyabu, ya ce ya gaya mata abin da hukuma ta ƙi ji.

Ɗayyabu ya faɗa mata komai, tiryan-tiryan. Fa'iz ya fito zubar da ruwan wanke-wanke, igiyar ruwa ta doki jirgin, ya zame. An jefa masa tayar ceto, an juya jirgi, an yi awa shida ana nema.

Ta tambaye shi, “Ka ga ya nutse?”

Ɗayyabu ya dubi Nata'ala. Nata'ala ya san kalma ɗaya ce za ta sauke mata shekara huɗu, ya kuma san da idonsa kaɗai zai iya roƙon ta. Amma shi da kansa ya ɗauko mutum takanas ya rantse cewa wannan bawan Allah ba ya ƙarya. Ya sunkuyar da kai.

“Na ga ya faɗa,” in ji Ɗayyabu. “Na ga kansa sau biyu. Ban ga ya nutse ba.”

Aka ji numfashinta a wayar, da kukan wata akuya daga can tsakar gida. Ta yi wa Ɗayyabu godiya, ta ce Allah ya saka da alheri, ta ce a ba ta Yaya.

Nata'ala ya kara wayar a kunne.

“Yaya,” ta ce, “mata suna waje suna jira. In cire 'yan kunnen ko in bar su?”