Yoyon Hitar Baya

Sati uku ƙaramar bas ɗin Tela tana shan ruwan lagireto kamar raƙumi. Gareji biyu Tela ta kai ta, duka suka cusa kai cikin bonet, aka canja wannan aka canja wancan, ruwa bai fasa ɓacewa ba. Ga sanyi ya kankama, ga mahaifinta da ɓarin jikinsa ya shanye, kowace Talata da sassafe sai ta rufe shagon ɗinkinta ta kai shi gashi asibiti. A baya ake ɗaure kekensa na marasa lafiya, yana zaune a kai, inda aka cire kujera, kuma ƙafar da ta shanye ba ta jure sanyi ko kaɗan.

Yayanta ne ya raka ta wurin wani tsohon bakanike da ake kira Kunkuru, don ba a taɓa ganin ya yi sauri ba. Ko bonet bai buɗe ba. Ya shimfiɗa kwalaye a ƙarƙashin motar daga kai har wutsiya, ya tada inji, ya koma kan benci ya harɗe ƙafa. Haushi ya kama Tela. Can sai ga ɗigo kore a kwalin ƙarshe, dab da tayar baya.

"Ga ɓarawonku," in ji shi. "Bututun da ke kai ruwan zafi hitar da ke ɗumama baya ne ya yi tsatsa, daidai inda tiyo ya kama shi."

"Baba, a toshe kawai mana," in ji yayan. "Minti goma an gama. Kowa haka yake yi."

Kunkuru ya leƙa ta taga, ya ga igiyoyin ɗaure keke.

"'Yata, wa ke zama nan?"

"Babanmu."

"To ba a toshewa." Ya dubi yayan. "Kai da ke zama gaba, ai dole ka ce haka."

Ya kwanta ƙarƙashin motar. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya goge bakin bututun har ya yi ƙyalli, ya zura sabon tiyo, ya ɗaure kowane baki da maɗauri biyu. Ya cika ruwa, ya bar inji ya ɗau zafi. Daga nan ya yi abin da Tela ba ta taɓa gani ba: ya tuɓe takalma da safa, ya hau baya, ya zauna daidai mazaunin keken, ya miƙe ƙafa.

"Iska ta maƙale a bututun, ɗumin bai isa ba," ya ce. "Hannu zai ce ya yi. Ƙafar tsoho ba ta yarda ba."

Sau uku yana sauka yana fitar da iska yana komawa. Yayan ya gaji ya tafi. Ita kuwa kunya ta rufe ta, mutumin ya cika mata ido.

Ranar Talata suka kama hanya. Kullum da nishi mahaifinta ke yin wannan tafiya, amma yau shiru. Gabanta ya faɗi, ta dubi madubi. Barci yake, baki buɗe, har da ɗan minshari. Ta isa ƙofar asibiti da sauran minti ashirin, ta tsaya a gefe, ta ƙi kashe injin, kada ɗumin ya yanke.